Wanda Ya Rako Bahijja Daga Daji

Ana gab da kiran magariba, Hajiya Ishatu tana kwashe tuwo a tsakar gida, dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin 'yarta Bahijja. Mijinta Malam Nagoda ya ajiye buta ya leƙa lungu, bai ga kowa ba. Da ya ɗauki dutsen sai ya ji shi sharkaf, gansakuka ta lulluɓe shi, alhali Tudun Wada ta yi watanni ba ta ga ruwan sama ba.

Bahijja ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Malesiya ba. Kafin ta taho, ita da 'yan ajinsu sun bi wani ɗan jagora cikin ƙungurmin daji, suka yi kwanaki a wani ƙauye inda jama'a duka ke zaune a dogon gida guda na katako. Ta dawo lafiya lau, da hotuna da tsaraba.

Tun daga wannan yammacin, da zarar rana ta yi ja sai jifa ta fara. Gidan ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ganye. Bahijja takan fito ba takalmi, ta yi ta zagaya tsakar gida tana ture rassan da babu su, in an kira ta ba ta waiwaye.

Malam Nagoda ya rasa inda zai sa kansa. Ya zargi 'ya'yan maƙwabcinsa Obiajulu mai shagon kayan wuta, har suka daina gaisawa. Ya kai Bahijja asibiti, aka gwada komai aka ce ƙalau take. Aikin koyarwar da ta samu a unguwar Kongo ya kuɓuce, domin ta taɓa ficewa daga aji ana tsakiyar darasi, sai a bakin rafi aka tsinto ta.

"Ilimi na tura ki ki samo," ya ce mata wata safiya. "Me kika kwaso mana?"

"Wallahi Baba, ban sani ba."

Hajiya ce ta matsa aka ɗauko Malam Kailani, wani dattijo mai ruƙiya daga Dutsen Abba. Ya iso bayan la'asar, ya zauna kan tabarma, ya jira har inuwa ta cinye tsakar gidan. Da dutse ya faɗo, ya fara karatu a hankali. Bahijja ta sandare. Can sai wata murya ta fito daga bakinta, mai kauri, da Hausar wanda ya koye ta a kunne.

"Ka bar ƙona ni, dattijo. Na fi ku gajiya."

"Kai wane ne? Me ya kawo ka gidan mutane?"

"Rakiya. Ta tsaya ɗaukar hoto, ta ɓace wa jagoransu. Ta yi kuka ta ce ko wa ke jin ta ya fitar da ita. Na shige gaba, ta biyo ni har ƙauye. Tsohuwar da ta sauke ta ta ce ta juya wajen daji ta sallami wanda ya rako ta. Yarinyar ta yi dariya ta shige."

Hajiya ta dafe ƙirji. Malam Nagoda ya runtse ido.

"A wurinmu ɗan rakiya ba ya juyawa sai an sallame shi," muryar ta ci gaba. "Na shiga jirgi. Na zo garin da babu inuwa, ga ƙarar janareto, ga hayaƙin babura. Ina jifa don a tambaye ni, maigidan nan ya tafi yana zagin yara!"

"To ka fita."

"A mayar da ita dajin tukuna."

"Ba za ta koma ba."

"To a yanka mini farin zakara."

"Ba a yanka don kowa sai Allah. Ka yi taimako, ka ɓata shi da zalunci. Godiya ce haƙƙinka, ita kaɗai za ka samu."

Can aka ji ladanin unguwa yana gyara lasifika.

"Ta faɗa da bakinta," in ji muryar. "Amma hanyar da na riƙe mata zan sake ta."

Malam Kailani ya tofa addu'a a ruwa ya shafa mata. Bahijja ta buɗe ido, ya gaya mata abin da za ta ce. Ta fuskanci ƙofar gida tana hawaye.

"Na iso gida. Na gode. Ka koma."

Iska mai sanyi ta ratsa zaure ta fita. Warin ganyen ya ɗauke, kwano bai sake ƙara ba.

Bayan mako guda Hajiya ta aiki Bahijja kasuwar Tudun Wada sayen kayan miya, hanyar da take bi tun tana 'yar firamare. Har azahar ba ta dawo ba. Sai wayar Malam Nagoda ta yi ƙara.

"Baba," ta ce a hankali, "ina tsaye a bakin titi. Ta ina ake zuwa gidanmu?"

Ya saka takalmansa ya fita.