Mai Raga da Malamar Laburare

Ranar da sababbin littattafai suka iso laburaren garin Baltim, direban ya sauke kwalaye tara a bakin titi, ya ce bayansa na ciwo, ya ja motarsa ya tafi. Nermin, malamar laburaren, ta tsaya tana kallonsu, hannu a ƙugu. Kaka ta shigo, 'yan hutun bakin teku sun watse, ga hadari yana haɗowa ta wajen tafki.

Sai ga wani saurayi a kan keke, ya ɗauro kwandunan tsuntsaye da ya gama sayarwa a kasuwa. Ya tsaya, ya shiga jidar kwalayen har cikin ɗaki. Da ya ajiye na ƙarshe sai ya goge hannu a riga, ya tambaye ta a kunyace ko akwai littafin tsuntsaye a ciki.

"Karanta su za ka yi ko soya su?" in ji Nermin.

Ya yi dariya ya ce sunansa Sabri, ɗan Ammu Gharib mai kafa ragar salwa a bakin teku. Tun yana ɗan shekara tara yake cire salwa daga raga duk kaka, suna faɗowa a gajiye bayan sun ƙetaro teku, amma bai taɓa sanin daga ina suke tasowa ba.

Ta fasa kwalaye uku kafin ta samo masa. Shi ne na farko da aka rubuta sunansa a katin littafin.

Daga nan kullum bayan la'asar sai ya zo. Yamma ta yi sanyi, tsofaffi suna cika ɗakin da jarida da kofin shayi, shi kuma yana kujerar da ke jikin taga yana bin taswira da yatsa. Yana kiranta Malamata, ita kuma tana ce masa Mai raga. Ba a yi wata guda ba saƙonni suka fara kai-kawo.

"Malamata, yau agwagin tafki sun iso, sun rufe sama. Na so a ce kina nan ki gani. Na saki ƙananan tsuntsaye shida da suka faɗa ragar Baba, kada ki gaya masa."

Ta mayar masa: "Mai raga, bakina ƙanin ƙafata. Amma wa'adin littafinka ya wuce da kwana biyu. Ka zo ka kawo shi da kanka."

Mahaifin Nermin, Ustaz Fikri, tsohon hedimasta ne, rabin mazan garin sun bi ta hannunsa. Da Sabri ya zo da mahaifinsa neman izinin aurenta, ya karɓe su da mutunci, ya sa aka kawo shayi, ya saurare su har ƙarshe. Sannan ya ce 'yarsa ta yi jami'a, shi kuwa Sabri aji biyu na sakandare ya tsaya, sana'arsa kuma ta wata biyu ce a shekara. Ya raka su har bakin ƙofa. Nermin tana bayan labule, ta ga yadda Ammu Gharib ya yi ta neman takalminsa alhali yana gabansa.

Sabri ya turo mata saƙo washegari: "Babanki bai yi ƙarya ba. Zan bi jirgin kamun kifi na manyan ruwaye, in dawo da abin da zan tsaya a gabansa da shi. Ki jira ni, Malamata."

Ta ce za ta jira. Ya tafi kafin sanyi ya kankama.

A cikin hunturun nan ne Dakta Hazem mai kantin magani ya turo iyayensa. Mahaifiyar Nermin ta ji daɗi ƙwarai, ta shimfiɗa sabon kyallen tebur, baƙi suka zo da tiren basbusa, wani irin kek mai zaƙi, da furanni. Nermin ta fito ta gaishe su don kada ta kunyata iyayenta, da suka tafi ta ce ba ta so. Ustaz Fikri bai tilasta mata ba. Ya ce ba zai ba ta wanda ba ta so ba, amma kuma ba zai ba ta wancan ba.

Sai dai garin ya riga ya ga tiren basbusa ya shiga gidan. Kafin mako ya zagayo, labari ya kai har tashar jiragen ruwa cewa an karanta Fatihar baikonta da Dakta Hazem.

Wata safiya Intisar, yayar Sabri, ta shigo laburare da littattafai biyu a cikin leda. Ta ajiye su a kan tebur ba gaisuwa, ta ce Sabri ya ce a dawo da su, kuma Allah ya sanya alheri. Nermin ta bi ta har waje tana rantsuwa cewa ba haka ba ne. Intisar ta ce da idonta ta ga furannin, ta wuce.

Ta kira wayarsa, a kashe. Ta rubuta: "Wallahi ban amince da kowa ba. Ka kira ni ko minti ɗaya ne." Bayan mako ta sake rubutawa: "Mai raga, ko zagina za ka yi ka yi, amma ka yi magana." Babu saƙon da ya shiga.

Haka bazara ta zo ta wuce. Nermin tana zuwa aiki, tana jera littattafai, tana yi wa yara murmushi, amma rigunanta duk sun yi mata yawa. Ta ɗauke kujerar jikin taga ta kai bayan kanta, don ba ta iya ganin wani a kanta. A gida ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, shirun ne kawai ya ishi mahaifiyarta, har ta fara cewa da ma faɗa take yi da ya fi sauƙi.

Kaka ta sake zagayowa. An kafa raguna a bakin teku, masu salwa suka fara zagaya unguwa da kwanduna. Ranar da mahaifiyarta ta gasa salwa da albasa ta ajiye a tebur, Nermin ta kalli farantin, ta tashi ta shiga ɗaki. Ustaz Fikri ya ji kukan da take ƙoƙarin dannewa. Shi ma bai ci ba.

Abin da ya yi bayan nan, daga bakin Intisar Nermin ta ji shi. Bayan sallar asuba ya ɗauki sandarsa ya taka har inda Ammu Gharib yake kafa raga. Can ya tarar da Sabri zaune a kan rairayi, hannun hagu a naɗe da bandeji. Watansa guda da dawowa. Injin jan taru ya cinye masa yatsu biyu, ya hana kowa ya faɗa, ba ya shiga gari.

Ustaz Fikri ya ce ya tuna Sabri, shi ne yaron da ke zama a gaba yana tambaya har malamai su gaji. Ya tuna shekarar da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo aka cire shi daga makaranta, kuma shi hedimasta bai taka ya je gidansu ya yi magana ba, ya dai soke sunansa daga rajista. Sannan ya gaya masa ba a taɓa karanta wata Fatiha ba.

Da la'asar Nermin tana fasa kwalayen bana sai ta ji an tsaya a bakin ƙofa. Sabri ne, ya rame, ya yi baƙi, ya ɓoye hannunsa a bayansa.

"Wata goma, Sabri," ta ce. "Ko ka tambaye ni."

"Na jefa wayar a teku ranar da aka gaya mini. Na ji tsoron in ji daga bakinki."

"Da ka dawo fa?"

Ya fito da hannun ya nuna mata. Ya ce ya tafi don ya dawo da ƙari, sai ya dawo da ragi, da wane ido zai kalle ta.

Nermin ta kalli hannun har hawaye suka zubo mata. Ta ce ba ta yafe masa ba tukuna, kuma zai daɗe yana ba ta haƙuri. Sannan ta ce ya zauna, don ta ga alamar bai ci komai ba tun safe.

An ɗaura aure kafin agwagin tafki su koma. Ustaz Fikri bai sa sharaɗi ba sai ɗaya, cewa Sabri zai zauna jarrabawar sakandare daga gida, kuma shi da kansa zai koyar da shi. Ammu Gharib ya ce in dai da bulala ne, ya ba da izini tun yanzu.

Mata suka yi guɗa, aka zagaya da jan lemon sharbat. Da aka zo mayar da zoben baikon ango daga hannun dama zuwa na hagu kamar yadda ake yi ranar aure, sai aka ga yatsan da za a sa shi babu shi. Sabri ya sunkuyar da kai. Nermin ta riƙe hannun hagun da hannayenta biyu a gaban kowa, ta daɗe ba ta sake shi ba, sannan ta mayar da zoben inda yake a dama.

"Nan ma hannunka ne," ta ce a hankali.

Ustaz Fikri ya share idonsa da gefen hannun riga, ya ɗora tafinsa a kan kawunansu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su tsufa tare. Jama'a suka amsa da amin.