Teburin Da Ke Jikin Soket

"Bari in karɓo maka lambar sirrin waifai ɗinsu," in ji Auta, tana yunƙurin tashi.

Sai idonta ya faɗa kan kwamfutar Injiniya. Ko minti ɗaya bai yi da buɗe ta ba, amma saƙonni sai shigowa suke, kilin... kilin...

Ta koma ta zauna a hankali.

"Masoyi, ka taɓa zuwa nan ne?"

"Ni? Ina na san wurin? Ba ke kika kawo ni ba, zumata?"

Auta dai ba yarinya ba ce a harkar nan. Shekara uku tana yi wa wani kamfani zanen talla daga nesa, ta san kwamfuta ba ta gaisawa da waifai ɗin da ba ta sani ba.

Gidan Yayanta, inda take zaune, ba ya aikatuwa: yara huɗu, ga injin niƙan maƙwabta. Shi ya sa take ɗaukar jaka ta bi gidajen gahawa. A can ta haɗu da Injiniya, suna rigima kan soket ɗaya. Ranar ta bar masa, kuma tun daga ranar take bar masa, shekara biyu cur. Yaya ya yi faɗa har ya gaji, ya ce mai son aure ba ya shekara biyu yana shan gahawa. Mahaifiyar Injiniya kuwa cewa ta yi ba za ta haɗa zuri'a da yarinyar da ke wuni a waje kamar marar mafaɗi ba. Auta ta toshe kunne, ita dai a bar ta da abinta.

Da tsohon wurin zamansu ya koma sakin kiɗa kamar gidan biki, sati uku ta yi tana gantali a garin nan. Wani wurin intanet ɗinsa tafiyar hawainiya yake, wani kana cika awa ɗaya za a fara goge teburin da ke gabanka. Da ƙyar ta gano wannan, a saman wani shagon littattafai, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Kwana goma tana zuwa da safe ita kaɗai, tana ɓoye masa don ta ba shi mamaki. Mutum ɗaya tak ta faɗa wa, aminiyarta.

Mai wurin, wata dattijuwa mai fara'a, ta ƙaraso tana goge hannu.

"A'a, Injiniya, yau da safe? Ashe kun san juna da 'yata. Ina mutuniyar taka mai farin gilashi? In haɗa nata mai madara, ko sai ta iso?"

Mai farin gilashi...

Gilashin da Auta ta raka aminiyar tata suka zaɓo tare.

Dattijuwar ta dubi fuskokinsu, ta gane ta yi ɓaram-ɓarama, ta ja ƙafa ta koma bayan teburin da take haɗa gahawa.

"Zumata, tsaya ki ji..."

"Kar ka ƙara kirana da wannan sunan. Sau nawa?"

Ya sunkuyar da kai. "Huɗu. Da yamma."

"A kan teburin nan?"

"Shi ne mai soket."

Dariya ta kufce mata, irin wadda ta fi kuka ciwo. Wato ita ta ci rana, ta ƙarar da takalmi, ta share wa wasu wurin hira.

"Umma ce," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ita ƙawar taki tana zuwa gaishe ta. Umma ta ce tana da natsuwa, aikin ofis take yi, ba ta yawo. Na rasa yadda zan faɗa miki."

"Ba ta yawo," Auta ta maimaita. "Shi ne kuke haɗuwa a gidan gahawar da ake zagina da shi. Yanzu na gane mai kai wa Umma rahoton duk inda na zauna."

"Wallahi har yanzu ina sonki."

"Riƙe abinka, zai yi maka amfani da yamma."

Zuciyarta tafasa take, don tana sonsa, kuma ta tsani kanta da hakan. Ta dubi kwamfutarta. Saura minti biyar taronsu na aiki, batirin ya yi ja. Cajarsa ce a jikin bango, kamar kullum.

Ta sunkuya ta zare ta, ta naɗe wayar tsaf, ta ajiye masa a gabansa. Ta soka tata.

"Tashi. Ni na nemo wurin nan."

Ya daɗe a tsaye ko za ta ɗago. Ba ta ɗago ba, har ƙarar takalminsa ta ɓace a matakala.

Ta goge ido da bakin mayafi, ta saƙala abin ji a kunne, ta kunna kyamara. Fuskar shugabarta ta bayyana.

"Kai, yau ina jinki raɗau, ba hayaniya ko kaɗan. Kin dace da wuri."

Auta ta yi murmushin aiki.

"Eh, ranki ya daɗe. Ya ci mini abu da yawa kafin in same shi."