Akori-kura Mai Tsoron Zufa

Sarƙa ta miƙe ta yi ƙara, Alƙalin Ƙarfe ya fara aiki. Na'ura ce ƙatuwa da hukumar Sabon Birnin Gulbi ta kafa a shekarar 2088 don tace motocin dizal. Sai a ɗaura mata mota, motar ta yi ta ja na minti goma, ita kuma ta faɗi ƙarfinta da shekarun da suka rage mata. Wadda ta faɗi jarrabawa, wurin matse motoci ake kai ta a mayar da ita dunƙulen ƙarfe.

Barau yana tsaye a gefe, ransa a ɓace tun daga gida. Shekara ashirin da shida yana janyo motocin da suka kafe a Mashigin Kwari, inda kwaltar birni ta ƙare, da tsohuwar akori-kurarsa da yake kira Jimrau. Yau an jera ta da Giwa-9, wata motar janyo motoci sabuwa fil, tana ƙyalli kamar tiren amarya.

Allo ya haska. Giwa: tan goma sha huɗu, sauran rai shekara arba'in. Jimrau: tan shida, sauran rai babu.

"Babu?" Barau ya juya wajen Injiniya Lantana, mai kula da na'urar. "Injiniya, a kan siminti kuka gwada su! Ku kai su taɓo mana, mu ga namiji."

"Baba, ka yi haƙuri, na'ura ba ta son kai," in ji ta. Ta yi masa bayani a tsanake. Giwa tana da ƙwaƙwalwa da ake kira mai-gadin inji. Da zafi ya wuce ƙa'ida sai ta kashe injin da kanta, babu direban da ya isa ya tilasta mata. Sirrin shekara arba'in ɗin ke nan.

"Wato mota mai tsoron zufa!" Barau ya yi tsaki. "Ni tawa in ta tafasa, jarka nake juye wa lagireto, in shimfiɗa mata jiƙaƙƙen buhu, mu ci gaba. Sau uku ina sauke injinta. Aiki ne ya cinye ta, ba zaman banza ba."

"Shi ya sa ta mutu, Baba."

A gabansa aka matse Jimrau. Bai yi kuka ba, amma baƙin ciki ya hana shi cin abinci kwana biyu. Hukuma ta ba shi Giwa, har da ɗaukar hoto, wai an inganta rayuwarsa.

Ranar wata Talata cikin watan Agusta, da la'asar, bas ɗin wani direba mai suna Jatau ta kafe a tsakiyar mashigin, cike da matan da suka taso daga kasuwa. An yi ruwa a tudu, gulbi yana hauhawa. Barau ya shiga ruwa har ƙirji ya maƙala sarƙa, ya dawo ya taka mai.

Gaskiya Giwa tana da ƙarfi, ko maƙiyinta ya shaida. Bas ta motsa, ta taho, ta taho. Saura taku goma ta kai gaɓa, injin ya ɗauke.

"An kashe inji don kare lafiyarsa," in ji wata murya mai daɗi daga cikin Giwa. "A jira minti arba'in."

Barau ya murɗa makulli, shiru. Ya juye jarka biyu a kan lagireto, shiru. Ya roƙe ta, ya zage ta, ya doki sitiyari har hannunsa ya fashe.

"Uban wa zai jira? Ki ja, ko da za ki ƙone!"

Ruwa ya kai tagogi. Mutanen ƙauye suka jefa igiya, Jatau yana miƙo matan ɗaya bayan ɗaya ta taga. Sha bakwai suka fita. Yana kiciniyar ɗago wata tsohuwa mai daddawa ne ruwa ya kifar da bas ɗin, ƙugiyar sarƙa ta suɓuce, gulbi ya tafi da su biyun.

Barau yana zaune a cikin laka, mata suna salati, sai Giwa ta tayar da kanta, lafiya lau, ko tari babu. Allonta ya kawo koren rubutu.

Inji kalau. Sauran rai: shekara arba'in.