Takardar Da Ta Faɗi A Ƙofar Alhaji Hashimu

A Ƙaura Namoda akwai wani yaro ɗan aji biyar a firamare. Sauran yara ƙwallo suke so. Shi kuwa ba abin da ke burge shi kamar ƙofofin ƙarfe na gidajen mutane.

Abin ya samo asali ne daga shagon Pam mai walda, a kan hanyar makarantarsu. Wata rana yaron ya tsaya yana kallo. Ya ga Pam ya lanƙwasa ƙarfe har ya zama fure. Amma kafin ya taɓa ƙarfen, sai da ya duba wata takarda mai zane.

"Kowace ƙofa daga takarda take farawa," in ji Pam.

Shi ke nan, yaro ya kamu. Ya ƙudura a ransa shi ma zai zama mai tsara ƙofofi. Sai dai babansa ya hana shi ɓata littattafan makaranta da zane. Don haka sai ya riƙa yago takarda daga tsakiyar littafin lissafi, yana zane a ɓoye.

Ƙofar Alhaji Hashimu ta fi ta kowa kyau a unguwar. Koriya ce, da taurari a samanta. Kwana uku yaron yana raɓewa bayan wasu bulo yana zana ta. Bai yi sallama ba, bai nemi izini ba. Ya auna katanga da taku, ya rubuta lamba. Ya ja kibiya zuwa wurin sakata, ya ja wata zuwa wurin kwaɗo.

A rana ta uku sai ya ji ana buɗe ƙofar. Ya zura a guje. Sai da ya isa gida ya laluba aljihu, ya ji babu takarda.

Lokacin kuwa hankalin mutane ba a kwance yake ba. Ana yawan jin labarin 'yan bindiga a ƙauyuka. Ana kuma cewa akwai masu kai musu bayanin gidajen mutane. Da Alhaji Hashimu ya tsinci takardar, sai ya ɗauka masu kai bayanin ne suka zana gidansa.

Kafin magariba labari ya zagaye unguwa. Kowa ya fara kallon kowa. Daga nan sai idanu suka tsaya a kan Hammadu.

Hammadu baƙo ne. Wata biyu ke nan da ya taso daga Galadi da matarsa da 'ya'yansa, don neman zaman lafiya. Kabu-kabu yake yi da babur. Kullum yana jiran fasinja a gindin dalbejiyar da ke kallon ƙofar Alhaji.

"Wa ya san abin da ya kawo shi?" in ji wani.

"Ni dai tun da ya zo ban yarda da shi ba," in ji wani, wanda jiya-jiya Hammadu ya kai shi kasuwa.

Mutane suka daina hawa babur ɗinsa. Mai unguwa ya sa ranar Alhamis bayan la'asar don a zauna. Aka ce in Hammadu bai wanke kansa ba, sai ya bar unguwar.

A gida, baban yaron ya dube shi suna cin tuwo.

"Kai da kake da ƙaiƙayin hannu, ka san wani abu bisa takardag ga?"

"A'a, Baba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Baba."

Yaron ya tsame hannu daga tuwon. Tsoro ya kama shi, ga kuma kunya. Da safe ya hango Hammadu zaune a kan babur shi kaɗai, ba mai ko gaishe shi. Yaron ya sunkuyar da kai ya wuce.

Ranar Alhamis, Malam Sufyanu mai koyar da lissafi ya karɓi littattafai. Da aka tashi, sai ya ce yaron ya tsaya. Ya ɗaga littafinsa da yatsa biyu.

"Littafin nan naka ciwo yake yi ne? Na ga duk ya rame."



"Mai unguwa ya nuna mini wata takarda jiya," in ji Malam. "Shekara biyu ina duba rubutunka. Na san lambobinka kamar yadda na san fuskarka."

Sai hawaye suka zubo wa yaron. "Malam, ƙofar kawai nake so. Ba wanda ya aike ni."

"Na yarda. Amma yau za a kori mutum da iyalinsa saboda shirunka. Ni zan iya faɗa musu. Na fi so su ji daga bakinka."

"Baba zai yi fushi."

"Zai yi. Fushin zai wuce. Hammadu fa, in aka kore shi, ina za shi?"

Bayan la'asar mutane suka cika ƙofar gidan mai unguwa. Hammadu yana zaune a gefen tabarma, ya haɗa hannuwa. Yaron ya shigo bayan Malam Sufyanu. Ya durƙusa ya gaida manya.

"Ranka ya daɗe, ni na zana takardar."

Babansa ya zuba masa ido. Alhaji Hashimu ya gyara zama.

"Ban yarda ba. Koya mishi anka yi. Kai yaro, hwaɗi gaskiya, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Alhaji."

"To mi ya kai ka ga sakata da kwaɗo?"

"In ba a nuna wurinsu ba, mai walda ba zai san inda zai sa su ba."

Ya buɗe jakarsa ya fito da takardu fiye da ashirin. Ga ƙofar makaranta, ga ta masallaci. Ga wasu kuma da ba a taɓa gani ba, masu fure da ganyen rama, waɗanda ya tsara da kansa. Takardun suka riƙa zagaya hannuwa. Wasu suka fara sosa ƙeya.

Mai unguwa ya juya wajen Hammadu. "Kai da kake wuni nan, ba ka taɓa ganin yaron ga ba?"

"Na gane shi, ranka ya daɗe. Kwana uku ina kallo nai bayan bulo."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Na ga yadda ran mutane ya ɓaci. Na ce in sunka hwaɗa ma yaro, ba ya iya ɗauka. Ni babba na, kuma ni ma ina da ɗiya."

Wannan magana ta fi bulala yi wa yaron zafi. Shi ya yi shiru don ya tsira. Hammadu ya yi shiru don ya tsirar da shi. Ya rarrafa gabansa yana kuka.

"Baba Hammadu, ka yafe mini."

"Na yahe, ɗana. Tashi."

Alhaji Hashimu ya miƙa wa Hammadu hannu biyu ya roƙi gafara. Sauran ma suka bi, ɗaya bayan ɗaya.

A gida, baban yaron ya yi masa faɗa sosai a kan ƙaryar. Amma da ya gama, sai ya zauna ya duba zanen ɗaya-ɗaya. Ranar kasuwa ya sayo masa littafin zane da fensir uku.

Yanzu in yaron ya ga ƙofar da ta burge shi, sallama yake fara yi. Har kujera ake ba shi. Hammadu kuwa yana nan gindin dalbejiya, fasinja har jira suke yi.

Yara, baiwa abu ce mai kyau, kada a ɓoye ta. A nemi izini kafin a shiga harkar mutane. In kuma kun yi kuskure, ku faɗi gaskiya da wuri, kafin laifinku ya faɗa kan wanda bai ji ba bai gani ba.