Ɓarawon da Ya Gyara Fil

Ƙarfe biyu na rana aka kai ƙara caji ofis: an sace wa Baba Mai Hoto gilashin kyamararsa. Sufeto ya same shi zaune a shago shi kaɗai, bango cike da hotunan mutanen da suka daɗe da daina zuwa.

"Shekara talatin yana hannuna," in ji tsohon. "Na fita cin abinci, na dawo babu shi. Da gobe ne mai saye zai zo ɗauka. Ɗana ya matsa in sayar, in koma wajensa."

"Wa ke da makulli?"

"Ni da maƙwabcina Mai Agogo. Amma cire shi, ranka ya daɗe. Tun rasuwar matata, in ba shi ba wa nake da shi?"

A kan tebur akwai wani zoben ƙarfe. Sufeto ya ɗaga shi.

"Adafta ke nan," in ji Baba. "Gilashin tsohon yayi ne, kyamarar sabuwa, shi ke haɗa su. Ka ga 'yan filolin nan takwas? Ta cikinsu wuta ke bi, gilashi ya gaya wa kyamara iya buɗewar da ya yi wa haske, lamba ta fito a allo. Ɗaya ya lanƙwashe tun bara, sifili kawai take nuna min. Kurma da bebe nake aiki da su."

An nemo mai saye. Da farko ya rantse bai taka layin ba, daga baya ya ce ya zo da safe ya taya. Lokacin satar kuwa yana asibiti wajen matarsa, kati ya nuna.

Da Sufeto ya shiga shagon Mai Agogo, mutumin bai ɗago daga aikinsa ba. "Rabona da shagonsa tun shayin jiya."

Sufeto ya dubi hantsakin da ke hannunsa, siriri kamar allura, ya koma wajen Baba.

"Ɗaura wani gilashin a kan adaftar nan, mu gani."

Baba ya murɗa, ya kunna. Allo ya nuna 2.8. Ya juya gilashin, lambar ta koma 4.

"Da safen nan sifili take nunawa," in ji shi.

Sufeto ya kai zoben bakin taga. Filolin takwas a miƙe, an goge su tas.

Aka kira Mai Agogo.

"Na sha kama ɓarayi," in ji Sufeto, "amma ban taɓa ganin wanda ya tsaya yi wa mai kaya gyara ba. A layin nan hannun wa zai iya miƙe fil ɗin nan bai karya ba?"

Hali zanen dutse.

"Shekara guda ina roƙonsa ya ba ni in gyara, yana cewa gobe. Da na cire gilashin na ga fil ɗin, zuciyata ta ƙi bari." Mai Agogo ya share ido. "Gilashin yana cikin babban agogon bango. Ba sayarwa zan yi ba. Na ce in babu gilashi babu ciniki, in babu ciniki ba zai tafi ba. Ranka ya daɗe, ni ma ba ni da kowa."

"Kai dai an yi sakaran tsoho," in ji Baba. "Jiya da dare na buga wa ɗana na ce na fasa. Jira nake a zuba shayin yamma in gaya maka."

Ya juya ga Sufeto. "Na janye ƙarar."

"Sai gobe, Baba, in babban jami'i ya zo. Yau dai da mu zai tafi."

Ko ankwa Sufeto bai sa wa Mai Agogo ba. Wani kofur da ya rako Sufeto ya riƙe hannun Mai Agogo suka fita.

Ƙarfe biyar ta yi, agogunan shagon da ke kulle suka buga gaba ɗaya. Baba ya zuba shayi kofi biyu kafin ya tuna.