Ɗan Takara Ba Ya Waiwaye

Marin da Mato ya sauke wa ƙanwarsa Zuhaira a tsakar gidansu na Tanut sai da ya watsa kajin Inna. Laifinta kawai ta ce ko ta ci zaɓe ko ta faɗi, Abdulmajid za ta aura.

"Ƙanen abokin takararki?" ya ce yana huci. "To, gobe ma rana ce. In ya tsaya a bayanki a gaban danginsa, ni da bakina zan roƙi Baba."

Ba ta yi kuka ba. Zuhaira irin matan nan ce masu ajiye hawaye sai an tashi daga aiki.

Duk hutun damina, ɗaliban jami'a 'yan Damargu kan taru a filin wata makaranta a Tanut, su fid da mutum ɗaya da zai nemi kujerar sakatare janar na ƙungiyar ɗalibai in an koma Damagaram. Ba akwati, ba ƙuri'a. Ɗan takara ya tsaya ya fuskanci gabas, masu sonsa su yi layi a bayansa. Wanda ya waiwaya kafin a gama ƙirga, ya janye ke nan. An ce wai don kada ya ga wanda ya ƙi shi ya riƙe a zuci.

Bana su biyu ne, ita da Haris na garin Belbeji, wan Abdulmajid uwa ɗaya uba ɗaya. Shi kuwa Abdulmajid tuni tsohuwarsu ta gargaɗe shi kada ya kunyata nonon da ya sha.

Washegari da hantsi aka tsaya. Zuhaira ta kafa ido a jikin wata aduwa. Sai ta ji ƙamshin turaren da ta saya wa Abdulmajid, daf da kafaɗarta.

"Ni ne, rabin raina... Kome kika ji, kada ki juyo."

Daɗi ya kama ta, tsoro ya fi shi.

Ba a jima ba layin Belbeji ya ɗauki guna-guni. Wani ya kira shi maci amana. Ta ji ana jansa yana tirjewa, ta ji riga ta yage, sannan gora ta sauka, irin saukar da ake yi wa baƙon sa a gonar hatsi. Benci ya karye. 'Yan mata suka yi ta ihu, ta tsinkayi muryar Mato yana zagin wani. Mai ƙirga, da yake mai bin doka ne, ya ci gaba da aikinsa da ƙarfi.

"Kada ki juyo, Zuhaira!"

Ta cije leɓe har ta ɗanɗani jini. Shekara uku tana fafutukar bursi, kuɗin tallafin karatun 'yan uwanta ɗalibai, don wannan tsayuwar, ga shi layinta ya fi tsawo, kowa ya sani. Muddin tana jin muryarsa za ta iya daurewa.

Gora ta sake sauka. Muryar ta ɗauke.

Ta juya.

Yana kwance, kai ya fashe, hannunsa ɗaya a karye, ɗayan bai saki gefen mayafinta ba. Mato ne ya saɓa shi a kafaɗa, jini na bin bayan rigarsa, ana shelar Haris ya ci.

Sai bayan la'asar Abdulmajid ya buɗe ido a asibiti. Mato, yana kallon ƙasa, ya ce masa ya turo manyansa in an gama girbi, ya fita da sauri.

"Kin juyo ko?"

"Na juyo, masoyina... Kujera ta je, kai nake so."

Ya yi murmushi da kumburarren baki. Can ya dubi ƙofa.

"Yaya Haris fa? Ai ya ji muryata. Shi ma ya juyo?"

Ta gyara masa zane, ta riƙe lafiyayyen hannunsa. Hawayen da ta ajiye tun jiya suka zubo.