Talo-talo a Falon Mama

Tunda 'yar gwaggon Injiniya ta jona kwamfuta da talabijin ɗin falo, budurwarsa Mai Zane ta san ta shiga uku.

Kyauta ce ta haɗa wa mahaifiyar saurayin nata, hoto mai motsi na murnar ajiye aiki, furanni suna buɗewa, Mama tana ɗaga hannu. Dama Mama ta rantse ɗanta ba zai auri wadda ta koyi sana'a a bidiyon intanet ba. Wannan kyautar ce ƙofa ta ƙarshe. Sai 'yar gwaggon ta karɓi aikin, wai za ta gyara.

"Na sake rubuta shi da kod," in ji 'yar gwaggon, tana jan magana ta hanci. "Manhajarki ta yara ce, ja ka ajiye. Motsa hoto kawai ta iya, ga nauyi. Yaren kwamfuta kuwa, babu abin da ba ya yi."

"Haka ne," in ji Mai Zane. "Har shayi yana dafawa."

Baki ne kawai ya yi ƙarfin hali.

A manhajarta zane hawa-hawa ne, kamar takardu a kan juna. Wanda ba ka so a gani sai ka danna wani ɗan ido, ya ɓuya, amma yana nan. Ranar da Mama ta dube ta daga sama har ƙasa ta ce "Wace jami'a?", Mai Zane ta koma gida ta zana ta a hawan ƙasa. Talo-talo mai tabarau, jaka a fiffike. Ta rufe idon. Ba ta goge ba, don gaskiya ya yi kyau.

Shi kuwa kod bai san kara ba. Abin da aka ba shi, shi zai nuna.

Mai Zane ta matsa kusa da Injiniya.

"Ka duba kafin ta kawo?"

"Ta ce ba-zata ce. Lafiya, zuciyata? Kina gumi."

"In na mutu, kwamfutata taka ce."

Aka kunna.

Furanni suka buɗe. Mama ta gyara zama, har da ɗan murmushi.

Sai ga talo-talon ya fito ta bayan furannin... ƙirji a gaba, haɓa a sama, taku ɗai-ɗai. Ya tsaya, ya leƙo ta saman tabarau.



"Ayya," in ji 'yar gwaggon. "Ni duk abin da na tarar a ciki na saka. Na ɗauka ado ne."

Injiniya ya miƙe tsaye.

"Mama, ni na ce ta zana..."

"Zauna. Kai da ko sabon zani na ɗaura ba ka gani?"

Ya zauna.

"Sake kunnawa," in ji Mama.

Aka sake. Mai Zane ta fara auna nisan da ke tsakaninta da ƙofa. Takalmanta ma tana iya barinsu.

"Ke."

"Na'am, Mama."

"Me ya sa yake ɗan jan ƙafar hagu?"

Ƙarya ta ƙi zuwa.

"Haka kike yi in kin daɗe a tsaye. Sai ki ɗaga haɓa don kada a lura."

Mama ta daɗe tana kallonta. Sannan ta juya ga ɗanta da 'yar gwaggonsa.

"Shekara da shekaru ƙafar nan tana ci na. Duk digirorin gidan nan babu wanda ya gani, sai marar kunya."

"Ki yafe min, Mama. Yanzu zan goge."

"Goge me? Ke dai ba ki tsira ba." Ta ɗauki jakarta, ta miƙe a hankali. "Ki gaya wa babanki muna tafe. Gidan nan za ki shigo, kullum safiya ki durƙusa ki gaida talo-talo."

Ta nufi ɗakinta, haɓa a sama.

Injiniya ya sauke ajiyar zuciya.

"Rabin raina, ta yarda fa!"

"Na ji," in ji Mai Zane, idonta a kan ƙofar ɗakin. "Shi ya sa nake tsoro."